Finafinan da Na Fifita a Bara: Nasiha ga Matasan Madawa, Buza da Keita



Shekara ba ta ƙarewa sai musu ɗaya ya tashi a fadojinku, galibi idan shayi ya kai na biyu: wane fim ne ya fi kowane? Wani ya ce KGF, wani ya rantse da Pushpa, 'yan mata su ce ai babu kamar Labarina, masu son dariya su kawo Gidan Badamasi. Musun yana burge ni, domin duk wanda ya iya cewa wannan ya fi wancan, ya kuma kawo dalili, ya fara aiki da hankalinsa ke nan. Abin da ke damuna shi ne, idan ka ɗauki jerin yaron Bangi ka haɗa da na yaron Tamaske da na yarinyar Karofan, sai ka tarar kusan abu ɗaya ne. Dalilin a fili yake: ba ku kuka zaɓa ba. Mai turawa da ke bakin tasha, wanda kuke miƙa wa katin waya da 'yan canji, shi ya zaɓa muku, shi ma kuma abin da ya iso masa daga Kano ko Maraɗi ko Sakkwato ya zuba. Ban ga laifinsa ba. Sana'arsa yake yi, kuma abin da ake tambaya shi yake ajiyewa. Ku ne ba ku taɓa tambayarsa wani abu daban ba.

Ni ma ina da nawa jerin, shi na zo in shimfiɗa muku. Ba finafinan da suka fito bara ba ne, waɗanda na kalla bara ne, tunda a garuruwanmu fim ba ya zuwa ranar da ya fito, sai ranar da ya faɗo katin wani. Wasu sun girme ku, ɗaya ma ya girmi iyayen yawancinku. Ma'aunin da na auna su da shi kuwa guda ne: bayan fim ya ƙare na fito waje, na ƙara fahimtar mutanen da nake zaune da su ne, ko kuwa garinmu ya yi mini ƙunci, mutanensa suka yi mini muni a ido?

Na ɗaya a wurina, ba ja-in-ja, shi ne Koukan Kourcia na Sani Magori, wanda ya fito a 2010. Sani ɗan Galmi ne, nan kusa da Madawa a kan babbar hanyar Ƙonni, kuma ilimin aikin gona ya karanta kafin ya kama kyamara. Fim ne na zahiri, babu ɗan wasa a ciki, mutanen da ake gani rayuwarsu ta gaske suke yi, da Hausarmu suke magana. A shekarun 1970 an yi wata zabiya, Husai, wadda waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su bar gida su tafi neman arziki ƙasashen bakin teku. Da yawa sun tafi, wasu ba su waiwayo ba, cikinsu har da mahaifin Sani, wanda ya zauna Abijan shekara da shekaru. Sai ɗan ya je ya sami zabiyar bayan ta tsufa, ya roƙe ta su kama hanya tare har Kwaddibuwa, ta yi wata sabuwar waƙa da za ta kira mutanen gida. Yadda tafiyar ta ƙare ba zan faɗa muku ba, ku nema ku gani.

Wanda bai tashi a ƙasar nan ba zai kalli fim ɗin ya ce labari mai daɗi. Mu ba haka yake mana ba. Da wuya ka shiga unguwa a Garhanga ko Tabotaki ko Ibohaman ba ka sami gidan da maigidansa yake waje ba. Da an gama girbi an zuba dammuna a rumbu, motoci ke kwashe majiya ƙarfi zuwa Abijan da Legas da Kamaru da Libiya da Aljeriya. Akwai mai dawowa da faɗuwar ruwan farko ya kama shuka. Akwai kuma wanda matarsa ta yaye yaro, yaron ya shiga lakwal, har yau bai san uban ba sai murya a waya. Ba na zagin biɗa, Allah ya kiyaye. Kuɗin biɗa ya rufa ɗakuna da kwano, ya sayi hatsi a shekarar da gona ta ƙi, ya aurar da marayu. Amma fim ɗin nan ya tilasta mini tunanin abubuwan da ba a cika faɗa a fada ba: tsufa a baƙon gari, kunyar komowa gida hannu sake, da matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana jira, tana noma, tana tarbiyya ita kaɗai.

Babban dalilin da ya sa na ɗora shi sama da sauran shi ne abin da yake koyarwa game da ji da gani. Idan waƙar mace ɗaya, tun zamanin da babu salula, ta iya ɗaga ƙafar samarin gari ta kai su bakin teku, to kada wani ya ce muku fim nishaɗi ne kawai. Abin da kunne ya saba ji, ido ya saba gani, shi ke zama buri, buri kuma shi ke biyan kuɗin mota. Zabiyar zamaninku tana cikin aljihunku, dare da rana tana yi muku waƙa. Ba na cewa ku jefar da ita. Ina so ku san wace waƙa take yi muku da inda take tura ku.

Na biyu ma na Sani Magori ne, Pour le meilleur et pour l'oignon, na 2008, minti 52 kacal. Wani manomin albasa ne a Galmi, 'yarsa ta shekara biyu tana jiran aurenta, dangin miji sun matsa, tsegumin gari ya yi yawa, sai ya yanke magana: biki sai an cire albasa. Daga ranar, duk abin da ya taɓa gonar ya taɓa auren. Yaran fadamar Tarka, ku da kuka tashi cikin garake, kun fi ni sanin wannan lissafi: kuɗin iri, kuɗin taki, man injin ban ruwa, 'yan ƙwadago, sannan ga lokacin da kowa ke cire tasa a tare, buhu ya faɗi warwas. Mai rudu da ɗan hali ya ajiye ya jira tsada, yana addu'a kada ta ruɓe. Wanda bashi ya shaƙe ya sayar yadda dillali ya yanke. Na kalli jarumai suna tsallake gada da mota zuciyata ba ta motsa ba, amma jiran jin kuɗin buhun albasar mutumin nan ya hana ni sakat, domin na san abin da ke rataye a kai: mutuncin uba da farin cikin 'ya.

Ku lura da abin da mai fim ɗin bai yi ba. Bai ara wa manomin gidan bene ba, bai canza masa riga ba, bai sa shi magana da Hausar birni ba. Ya yarda cewa rayuwar mutumin Galmi ta isa a kalle ta yadda take. Albasar da ake kira da sunan garin an san ta a kasuwannin Abijan da Akara da Kumasi, amma fuskar mai noma ta ba a santa ba sai da ɗan garin ya nuna ta. Akwai kuma wata tambaya da fim ɗin ya bar mini, ina miƙa ta gare ku tunda ku ne masu aure gobe: don me muka bar biki ya yi nauyin da zai sa yarinya zaman jira shekara biyu, uba kuma ya jingina darajarsa da kasuwar da ba shi ke riƙe da ita ba?

Na uku tsoho ne ƙwarai, Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, 1966. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya rarraba wa abokansa. Suka ɗauki sunayen jaruman silima, suka hau dawaki, suka shiga faɗa da sata da rashin kunya ga manya, har wasa ya zama jini. Shekaru kusan 60 ke nan, amma in ka cire dokin ka sa babur, ka cire hular kaboyi ka sa askin da ake yayi, za ka rantse jiya aka ɗauke shi. Alassane ba maƙiyin silima ba ne, rayuwarsa duka ya ba ta. Shi ya sa gargaɗinsa ya fi na mai wa'azin da bai taɓa kallo ba nauyi: ya san ƙarfin hoto, ya san abin da yake yi wa saurayin da bai riga ya san kansa ba.

Ina so ku riƙe sunan mutumin nan, domin na jiharmu ne ta wurin zama. An haife shi a 1942, makanike ne tun farko, ya koyi aikin fim tare da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro ilimin zanen da ke motsi a wurin Norman McLaren. Yana cikin mutanen farko da suka yi finafinan zane a Afirka ta kudu da Sahara. A Bon voyage Sim, shi ma na 1966, da kwaɗi ya yi wa shugabanni masu son bulaguro da faretin girma hannunka-mai-sanda. A Kokoa ya sa dabbobi suka yi kokawa irin wadda muke cika fili domin ta, mu da aka fara gasar takobi a Tawa, babban birnin jiharmu, a 1975. A Tawa ya zauna shekarunsa na baya, yana riƙe da masaukin baƙi, yana ci gaba da haɗa 'yan tsanarsa da zane-zanensa da kayan da hannunsa ya ƙera. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015, kuma a 2024 aka sa sunansa a cibiyar al'adun da ke Yamai wadda da take ɗauke da sunan Jean Rouch. Mutum irin wannan ya zauna tafiyar 'yan awoyi daga ƙofar gidanku, ana nuna aikinsa a Turai da Amurka, amma yaron Keita ya haddace sunayen jaruman kudancin Indiya bai taɓa jin nasa ba. Wannan yana yi mini ciwo.

Haka yake ga Oumarou Ganda. Ya yi soja a Indocin, ya yi dako a tashar jirgin ruwan Abijan kamar kakannin wasunku, ya dawo ya zama mai shirya fim. Da bikin finafinan Afirka na FESPACO ya fara ba da babbar kyautarsa a Wagadugu a 1972, ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar ta, shi Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Muna cikin waɗanda suka buɗe shi.

Na huɗu baƙo ne, Io Capitano na Matteo Garrone ɗan Italiya, na 2023. Samari biyu 'yan Dakar suka tara kuɗi a ɓoye suka kama hanyar Turai, ta Agadas, ta hamada, ta gidajen azaba na Libiya, har zuwa kwale-kwale a kan teku. Ya ci kyauta a bikin Banis, ya kai zagayen ƙarshe na Oscar a 2024. Ban kai shi sama da haka ba saboda idon baƙo ne, kuma ƙasarmu a cikinsa mashiga ce kawai da ake wucewa. Duk da haka, wanda ke tara kuɗin Libiya a asirce, ina roƙonsa ya kalle shi tare da wani da ya je ya dawo, ya riƙa tsayar da fim yana tambaya: haka ne? Hotunan da abokai ke turowa daga can, a jingine da motar da ba tasu ba, ba sa nuna wannan ɓangaren.

Biyu na gaba na kasa raba su, duka mata ne suka yi su, duka na 2021. Zinder na Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ya shiga unguwar Kara-Kara, wadda tun asali aka ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi, ya zauna da samarin gungun da ake kira fale, masu ɗaga ƙarfe, masu fasa-ƙwaurin mai, masu shiga kurkuku su fito. Ba ta wanke su ba, ba ta kuma la'ance su ba, ta saurare su ne har aka ga yadda rashin makaranta da rashin aiki ke mayar da yaro abin tsoro. Duk fadar da ta fara jin daɗin a ji tsoronta a unguwa, ta zauna ta kalli wannan. Ɗayan shi ne Marcher sur l'eau na Aïssa Maïga, wanda aka ɗauka a wani ƙauye na Azawak, arewa da mu, aka kuma nuna a bikin Kan na Faransa. Yarinya 'yar shekara 14 ce ke riƙe da ƙannenta, iyaye sun tafi neman abin rufin asiri, kullum tana tafiya mai nisa neman ruwa, alhali ruwan yana can ƙarƙashin ƙasar da take takawa, rijiyar burtsatse kawai ake jira. 'Yan matan ƙauyukan da ke kan dutse a Buza da Keita, waɗanda jarka ta sha hana su zuwa aji, ba sa buƙatar a fassara musu komai a ciki.

Za ku ce, to ina na Kano? Suna nan, kuma ba na cikin masu raina su. Tun daga Turmin Danya a 1990, masana'antar nan ta kai Hausa gidajen da littafi bai taɓa shiga ba, ta ciyar da dubban mutane, har da 'yan ƙasarmu irin su mawaƙiya Fati Nijar ta Maraɗi. A jerina na bara Mai Martaba na 2024 ya sami wuri, saboda an kashe ƙarfi a kan hoto da sutura da fage, an ɗauke shi a Daura, har Najeriya ta miƙa shi gasar Oscar. Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ma ya shiga, domin ya nuna yadda ake sayen talaka da ɗan jarida a lokacin zaɓe, abin da bai tsaya a iyakar Najeriya ba. Labarina na Aminu Saira aiki ne na mai sanin sana'arsa. Sai dai ƙorafina a kan yawancin sauran yana nan: falo, kujeru masu ƙyalli, Alhaji da mota, samari biyu a kan yarinya ɗaya ko mata biyu a kan miji ɗaya. Mafi yawan Hausawa manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwar ƙauye, amma za ka kalli zango bayan zango ba ka ga gona ko rijiya ba, in kuwa an nuno baƙauye, don a yi masa dariya ne. Yarinyar da ta shekara tana kallon wannan, ranar da saurayin garinsu ya zo mata da babur da garkar albasa, da wane ido za ta dube shi? Shi kuma saurayin, da wane ido zai dubi ɗakin uwarsa?

Na Indiya da ake fassarawa kuwa, babu ko ɗaya da ya shiga jerina, ko da yake na san gwanintar masu fassarar, na kuma san tsohuwar soyayyar Hausawa da finafinan Indiya tun zamanin Mother India. Ku dubi waɗanda kuke ɗorawa a sama. Jarumin KGF makashi ne da ake haya. Jarumin Pushpa ɗan fasa-ƙwaurin itace ne, arzikinsa daga sare dajin da doka ta hana taɓawa ya fito. A ƙasar Keita ne, inda uwayenku suka dasa itatuwa da hannunsu a kan tsandauri, yaro ke kwaikwayon tafiyar ɓarawon itace yana shafa gemu. Ku kalla in kuna so, kiɗan da faɗan suna da daɗi, amma ku san wanda kuke tafa wa.

Akwai maganar lokaci, ita ma ba ƙarama ba ce. Fim mai dogon zango ba ya cewa ya ishe ka, an gina shi ne don kada ka tashi. Ɗalibin da ke fuskantar jarrabawar birbe ko bak, ya kwana yana bin kashi bayan kashi, da safe malam na bayani yana gyangyaɗi, ya san wa ya cuta. Ku yanke wa kallo lokacinsa kamar yadda ake yanke wa kowane aiki, kada ya ci salla, kada ya ci karatu, kada ya ci ban ruwa. Kuma ku tuna ba ku kaɗai ke kallo ba. Duk wayar da aka kunna a tsakar gida, akwai ƙananan kawuna a bayanta suna leƙe. Kafin katin waya ya shiga hannun ƙanenka, ka bi shi ka ga abin da aka zuba, domin ba duk abin da ke shigowa kai ka tambaya ba.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Finafinan da na fi so su shiga jerina ba su shiga ba, saboda ba a yi su ba tukuna, kuma ku nake jira ku yi su.

A 1984, shekarar yunwar da tsofaffi ke kira El-Buhari, aka fara aikin raya karkara na Keita, da kuɗin Italiya, da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana biyan ma'aikata da abinci. Maza da yawa sun tafi biɗa, don haka mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin: su suka kwashi duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tuddai don tare ruwa, suka haƙa ramuka a ƙasar da ta ƙeƙashe, suka dasa. An kai itatuwa wajen miliyan 18, aka farfaɗo da dubban kadada da aka riga aka fid da rai da su, aka yi madatsun ruwa da hanyoyi. Masana daga ƙasashe da dama sun zo sun yi rubutu a kai, sunan Renato Carucci da ya jagoranci aikin yana cikin littattafai. Sunayen matan fa? Yawancinsu yanzu tsofaffi ne, suna zaune a gidajenku, kuna kiran su kaka, kuma kowace shekara ana rage su. Haka a kwarin Majiya ta Buza, inda tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don karya iskar da ke kwashe ƙasar gona, har suka kai ɗaruruwan kilomita, mutanen wasu ƙasashe suna zuwa koyo. Akwai dattawan da suka san kwarin kafin itatuwan da bayansu. Akwai masu saƙar tabarmar kaba da ake ɗauka daga kasuwar Madawa zuwa nesa. Akwai fataken Tamaske da labarin yadda suka bazu a kasuwannin Afirka ta yamma. Marigayi Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar a littafi. Wanda zai ɗauki muryoyin mutanenta da fuskokinsu shi ake nema.

Kada ku ce ba ku da kayan aiki. Wayar da kuke kallon Pushpa da ita ta fi kyamarar da Moustapha Alassane ya fara da ita ɗaukar hoto mai kyau. Abin da ake buƙata shi ne haƙuri da ladabi. Ka je ka gaida tsohuwa, ka faɗa mata abin da kake so da inda hoton zai je, ka nemi izininta da na gidan. Ka zaunar da ita inda haske ke faɗo mata a fuska, nesa da iska da ƙarar injin niƙa, ka matso kusa don murya ta fito, ka kafa wayar kada ta yi rawa. Ka yi tambaya ɗaya, ka yi shiru, ka bar ta ta yi magana ko da ta zagaya. Ka rubuta sunan gari da ranar ɗauka, ka ajiye a wuri biyu. Sani Magori da 'yan garinsu ya fara, da danginsa, da albasa.

'Yan mata, wannan kira ya fi shafar ku, domin akwai maganar da tsohuwa ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, akwai kuma ɗakin da ku kaɗai ke shiga. Kuna da magabata. Zalika Souley ta fito a fim ɗin kaboyin nan tun 1966, ta sha zagi da tsangwama saboda rawar da take takawa, Rahmatou Keïta kuma ta yi fim a kan rayuwarta kafin Zalika ta rasu a 2021. Aïcha Macky ta ɗauki maganar rashin haihuwa, wadda ake yi da raɗa, ta yi L'Arbre sans fruit a 2016, ya ci kyautar fim na zahiri mafi kyau a gasar finafinan Afirka. Ba sai kin yi rawa ko kin bar tarbiyyar gidanku ba kafin ki yi fim. Tsayuwa a bayan kyamara ma aiki ne, kuma mai wannan tsayuwa ita ke yanke abin da duniya za ta gani.

Amma kyamara amana ce. Kada ka ɗauki mace ba da saninta ba. Kada ka ɗauki wanda hatsari ya rutsa da shi a kan hanya, ko mai taɓin hankali, ko yaron da aka kama da laifi, ka watsa don a yi dariya ko a ce kai ka fara turawa. Hoton da ya fita ba ya dawowa, kuma a gari irin namu inda kowa ya san kowa, minti ɗaya na bidiyo yana iya kashe aure ko ya hana yarinya fita shekara guda.

Ga malaman sakandare da masu kula da gidajen matasa da ɗaliban da ke zuwa hutu daga Tawa da Yamai, ina roƙonku ku nemo finafinan nan ta hanyar da masu su za su amfana, ku nuna su a farfajiyar makaranta, a yi muhawara bayan an gama. Waɗanda ba da Hausa aka yi su ba, mai Faransanci ya karanta wa sauran. Tunda a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, lokaci ya yi da masu gwanintar fassara finafinan Indiya za su juyo su sa wa na Ganda da na Alassane murya.

Ku kuma, 'ya'yana, abu biyu nake nema a wurinku a wannan shekara. Ku je wurin mai turawa ku tambaye shi Koukan Kourcia da sunansa, in ya ce babu ku koma, ku aika wasu su tambaya, har ya ga akwai masu so ya nemo. Sannan kafin ruwa ya sauka kowa ya koma gona, kowace fada ta zaɓi tsohuwa ɗaya ko dattijo ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin duwatsun Keita, ko dashen Majiya, ko garakan Tarka, ku je ku ɗauki labarinsu tun suna da rai.